Ilu Kwatano da Gora Mai Koren Zare

Idan ka shigo layin dukawa ka ce kana neman Iliyasu, babu wanda zai gane wa kake nufi. Amma ka ce Ilu Kwatano, har kajin layin sai sun nuna maka ƙofar gidansu. Wata takwas kacal ya yi a Kwatano yana wanke kofuna a wani otal na bakin teku. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana shan labarin wata takwas ɗin nan, kuma a cewarsa bai kai rabi ba.

Abu biyu ya dawo da su. Na farko baki. Na biyu wani kofin gilashi mai doguwar ƙafa ɗaya kamar ta zalɓe, wanda yake naɗewa cikin tsohuwar safa ya sa a 'yar jakarsa. Ya ce a otal ɗin akwai wasu Turawa da ba su da aikin yi sai ɗanɗana jan ruwan inabi, irin mai bugarwar nan, su yi ta surutu a kansa kamar ana zaman makoki.

"Ni dai bai taɓa shiga bakina ba, Allah ne shaida," haka yake cewa. "Amma ilmin na kwaso shi kaf. Suna zaune suna yi, ina bayan labule da tsumma a kafaɗa ina haddacewa."

Da ya rasa inda zai kai ilmin, sai ya juye shi a kan zoɓo.

Wayyo, ku ga Ilu an miƙo masa gorar zoɓo a majalisa. Zai zare kofin daga safa a hankali. Ya tsiyaya kaɗan. Ya ɗaga ya duba shi a hasken rana, ya jujjuya, ya cusa hanci har sai gilashin ya yi gumi. Sannan ya kurɓa, ya yi ƙurrr-ƙurrr a maƙogwaro, ya lumshe ido, ya yi shiru har mai tari ya haɗiye tarinsa. Can sai ka ji ya fara.

"Zoɓon tudu ne wannan. Damina ta yi masa latti. Citta tana gaba tana masifa, kanumfari yana baya yana ba ta haƙuri. Can ƙarshe kuma akwai ɗan ɓacin rai, mai haɗawar ta yi faɗa da mijinta da safe. Na gidan Tasalla ne."

A je a tambaya, na gidan Tasalla ne. Maganar faɗa da miji kuwa ba abin mamaki ba ce, Tasalla ko ranar Sallah ba ta hutawa.

To bari in gaya muku abin da Ilu bai taɓa gaya wa kowa ba. Harshensa matacce ne murus. Shekara ashirin yana haɗa goro da taba gari, sun cinye shi tas. Mutumin nan ya taɓa shanye kwanon koko da aka zuba wa gishiri maimakon sukari, ya suɗe, ya ce a ƙaro. Ido ne da shi. Matan layin duk a tsofaffin gorunan ruwa suke sayar da zoɓo, kuma kowacce tana yi wa nata alama don kada su cakuɗe idan masu shaguna sun dawo da su. Tasalla tana ɗiga jan farce a murfi. Wata tana zana gindin gorar da ƙusa mai zafi. Kuluwa kuwa koren zare take ɗaurawa a wuya. Kafin Ilu ya gama zare kofi daga safa, ya riga ya karanta gorar. Sauran duk wasan kwaikwayo ne.

Kuluwar nan ita ce ta hana shi sukuni. Bazawara ce, shekara biyu da rasuwar mijinta, tana zaune a gidan yayanta Mamuda baduku, kuma duk layin an yarda babu zoɓo kamar nata. Ilu yana sonta, wannan kam babu cika baki a ciki. Tun da matarsa ta gaji da labarin Kwatano ta tattara ta tafi, shekara huɗu ke nan, shi yake wanke kayansa, shi yake cin garau-garau a tsaye. In Kuluwa ta yi dariya daga bayan katanga sai ya tsaya cak yana saurare.

Sai dai ba shi kaɗai ba ne a layi. Akwai Garzali, direban akori-kura, mai kawo mata buhunan zoɓo daga kasuwannin ƙauye. Shi Garzali in ya zo zance, zai gaishe ta, ya zauna, ya ƙura wa takalminsa ido na minti arba'in, ya ce sai da safe. Ilu kuwa in ya zo sai ya zare kofi. Shekara goma Kuluwa tana tsaye a kan tukunya, babu wanda ya taɓa ce mata komai game da zoɓonta sai "a ƙara ƙanƙara". Ga wani ya zo yana ce mata a cikin nata yana jin sanyin inuwar tsamiya da haƙurin mace ta gari. Wace ce ba za ta karkata ba?

Mamuda ne bai karkata ba. Shi ne waliyyinta, mutum ne mai ƙarancin magana da ƙarancin fara'a.

"Kuluwa, yanzu mutumin da sana'arsa kurkure baki za ki kawo min?"

"Yaya, ya san hannuna. Ko cikin goma aka sa nawa sai ya fitar da shi. Wanda ya san hannunka ai ya san ka."

"To mu gani."

Ya aika wa Ilu da Garzali cewa ranar Juma'a bayan la'asar su zo zaurensa. Za a kawo zoɓo biyar daga gida biyar. In Ilu ya fitar da na Kuluwa, ya turo magabatansa. In ya kasa, ya ba Garzali hanya.

Da saƙon ya iso, Ilu ya yi dariya har da buga cinya. Can kuma dariyar ta tsaya. In aka juye zoɓon a jug ko a kwanuka fa? Ya zari takalmi sai zauren Mamuda.

"Yaya Mamuda, sharaɗi ɗaya ne da ni, kuma na ilmi ne. Kada a juye. Zoɓo in ya bar gorarsa iska tana sace masa rai. A kawo kowanne a gora, ni zan tsiyaya da hannuna."

Mamuda bai ko ɗago daga fatar da yake yanka ba. "Gora kake so?"

"Gora."

"Za ka samu gora."

Shi ke nan Ilu ya fito yana tafiya kamar ba a ƙasa yake takawa ba. Ya kai farar shadda ɗinki. Ya je wurin wanzami ya gyara masa gemu, 'yar furfurar nan ta fito fes. Ya bi majalisa uku yana gayyata, har da masu shayi da mai faci, yana cewa a zo a ga abin da ko a Kwatano sai an yanki tikiti.

Ranar Juma'a zauren Mamuda ya cika ya batse, wasu a tsaye a ƙofa suna miƙa wuya. Nan ne wurin aikinsa, fatu a rataye, wasu a jibge a jikin bango, ga wuƙaƙe da basilla an ture gefe. An shimfiɗa wa Baba Na'ibi buzu a matsayin shaida. Mata suna bayan labulen ƙofar cikin gida, kana jin ƙus-ƙus ɗinsu da ƙarar awarwaro. Garzali yana lungu yana kallon takalminsa.

Ilu ya shigo cikin ƙamshin turare, shadda tana ƙara. Ya zauna, ya tankwashe ƙafa. Aka ajiye faranti a gabansa.

Ya saci kallo. Ya sake kallo, wannan karon ba na sata ba.

Goruna biyar, sababbi fil, iri ɗaya sak. Babu zare, babu jan farce, babu zanen ƙusa. An dai rubuta musu ɗaya zuwa biyar da alƙalami.

"Kai ka ce gora," in ji Mamuda. "Na ga babban baƙo ne, ban so a kawo maka tsofaffi ba. Sababbi na sayo."

Gumi ya tsattsafo wa Ilu daga ƙarƙashin hula ya gangara ta bayan kunne. Ya ji muryar Kuluwa a bayan labule tana ce wa wata, "Ki tsaya ki gani, ko minti biyu ba zai yi ba." Maganar ta soke shi har ƙashi.

Baba Na'ibi ya ce a fara ba Garzali, don kada a ce ba a yi adalci ba. Garzali ya kurɓi kowanne da kofin silba, ya goge baki da bayan hannu.

"Ni ban iya bayani ba, Baba. Na ukun nan dai ya yi min daɗi. In da saura a ƙara min."

Aka yi dariya. Ilu ma ya yi, ta yaƙe. Ya zaro kofinsa ya shiga gogewa. Ya goge ciki, ya goge waje, ya goge ƙafar, ya hura, ya sake gogewa. Idanunsa kuwa suna ta yawo a zauren kamar ɓeran da aka toshe wa rami.

Can suka tsaya. A jikin bango, bayan tarin fatu, wuyan wata tsohuwar gora ya leƙo. Cike take da abu ja wur. A wuyanta ga koren zare.

Ilu ya ji rai ya dawo masa tun daga yatsun ƙafa. Ashe haka ne. Ashe tarko Mamuda ya haɗa masa. Ya ɓoye na Kuluwa ya jera na wasu mata biyar, duk wanda ya zaɓa ya faɗi. Lallai mutumin nan bai san da wa yake wasa ba. Ya gyara zama, ya ture hula gaba, ya ce, "Bismillah."

Na ɗaya ya kurɓa ya yamutsa fuska. "Ruwan rijiya ne ya ari jan mayafi."

Na biyu. "Citta ta yi juyin mulki, ta kori kowa."

Ya ɗauki na uku, ya kalli Garzali ta wutsiyar ido. Wannan kam sai ya yi masa wankin babban bargo. Ya shinshina ya kau da kai. Ya kurɓa, ya yi ƙurrr-ƙurrr, ya nemi kasko ya tofar.

"Jama'a, a ji tsoron Allah. Wannan ba zoɓo ba ne. Jan zane aka wanke, aka ji asarar zubar da ruwan, aka sa masa sukari. Mai haɗa wannan ba ta da hannu, ba ta da kan gado, kuma in aka leƙa ɗakinta za a tarar ba shara. Duk wanda ya auri mai wannan, ciwon ciki ya aura. Amma ban ga laifin direba ba, bakin da ya saba da tsotsar tiyon mai me zai gane?"

Zaure ya ɗauki shewa. A bayan labule wani abu ya faɗi ƙwal, kamar ludayi. Ilu ya ɗauka dariya ce ta sa Kuluwa sakin abin hannunta, kansa ya ƙara girma.

Na huɗu da na biyar ko kurkurawa bai yi ba, ya sallame su da hannu. Sannan ya ajiye kofi, ya harɗe hannuwa.

"Baba Na'ibi, a rubuta. Babu na Kuluwa a cikin biyar ɗin nan."

Ya dubi jama'a, ya ci gaba.

"Amma yana cikin zauren nan. Hancina yana jiyo shi."

Ya miƙe. Ya ɗaga hanci sama yana fuf-fuf. Ya yi gabas, ya girgiza kai. Ya yi yamma, ya shinshina hular mai faci, ya girgiza kai. Ya durƙusa da sabuwar shaddarsa ya rarrafa, mutane suna janye ƙafafu, har ya kai tarin fatun. Ya zura hannu ya zaro gorar ya ɗaga ta sama. Masu shayi suka fara salati. Wani a ƙofa ya ce wallahi mutumin nan da aljanu yake aiki.

Mamuda ya miƙe zumbur. "Ilu, ajiye wannan."

"Kun gani ko? Asiri ya tonu."

"Na ce ka ajiye. Ba ta cikin lissafi."

"Ai na san ba ta ciki, Yaya Mamuda, tunda kai ka fitar da ita."

"Ilu, ka saurare ni, abin da ke cikin gorar nan..."

"Kada ka gaya min. Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya taɓa gaya min abin da ke cikin gora."

Jama'a suka goya masa baya, ana a bar shi, a bar shi. Baba Na'ibi ya ɗaga carbi ya ce, "Mamuda, kai ka tara mu. Bar bawan Allah ya yi aikinsa."

Mamuda ya dubi Ilu, ya dubi farar shaddar, ya koma ya zauna. "To. Kowa dai ya ji na hana."

Ilu ya tsiyaya. Abin ya zubo da kauri, ja har yana komawa baƙi. Ya jujjuya kofin, jan ya kama gilashi ya ƙi sauka.

"Kun ga yadda ya riƙe kofi? Wannan ake nema. Bature in ya ga haka sai ya cire hula."

Ya cusa hanci. Wani abu ya doke shi har tsakiyar ka, idanunsa suka kawo ruwa.

"Allahu Akbar. Akwai hayaƙin itace. Akwai toka, ta murhun da aka daɗe ana girki a kai. Can ƙasa kuma akwai ƙamshin fata. Wallahi da kunnena na ji wani tsohon Bature yana cewa in ka ji ƙamshin fata, ka kai ƙarshen hanya."

Mamuda ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Ilu ya kurɓa. Nan fa abin mamaki ya faru. Harshen nan da ya shekara ashirin a kabari ya motsa. Ya ji wani abu ya kama shi ya murɗe, ya ji dasashinsa ya tattare, ya ji maƙogwaronsa yana kartuwa kamar ana jan buhu a kan siminti. Bawan Allah ya manta yadda ɗanɗano yake, sai ya ɗauka ai wannan shi ne daɗin da ake faɗa. Hawaye na gaske suka zubo masa. Ya ce a ransa, ashe zoɓon matar nan har matattu yake tayarwa.

Ya yi ƙurrr-ƙurrr mai tsawo, har yana fantsama a gemu. Ya ɗaga kofin ya shanye ƙwat-ƙwat. Ya sake cikawa ya shanye. Ya dafa ƙirji, ya juya wajen labule.

"Wannan ba a tukunya aka dafa shi ba, a zuciya aka dafa shi. Akwai taushin hannu a ciki. Akwai kunya. Baba Na'ibi, ka shaida, jama'a ku shaida. Na rantse da Allah, hannun da ya haɗa wannan shi zan aura, ko duniya za ta taru a kaina."

Ya yi murmushi mai faɗi don kowa ya gani. Na kusa da shi suka ja da baya. Haƙora, harshe, leɓɓa, gemu, gaban shadda, duk sun koma kalar buzun sallar Idi na masu kuɗi.

Sai muryar Kuluwa ta fito daga bayan labule, a sanyaye.

"Yaya, wace gora ya sha?"

"Wadda na ara a wurinki shekaranjiya."

"Ta rinin?"

"Ta rinin."

Ai karan dafi ne, jan ɓawon karan nan da dukawa suke dakawa su jiƙa da ruwan toka su rina fatar akuya. Kwana biyu yana tsumuwa a gorar, Mamuda yana jira ya nuna.

Zaure ya fashe. Mai faci ya faɗi a kan fatu yana harba ƙafa. Masu shayi suka rirriƙe juna. Na ƙofa suna ba na waje labari, dariyar tana tafiya har bakin titi. Garzali da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ranar an ƙirga su.

"Mamuda, zai mutu?" in ji Baba Na'ibi yana share ido.

"Ba ya kisa, Baba. Fita ce dai ba ya yi. Jakar da na rina wa Hajiya Dudu shekara bakwai, har gobe kamar jiya."

Ilu ya buɗe jan bakinsa. "Ai... ai na sani. Gwada ku nake yi, in ga ko..."

Labule ya yaye. Kuluwa ta fito da mayafi, ludayi a hannu, idanunta sun yi ja su ma, amma ba rini ba ne. Ta tsugunna ta gaida Baba Na'ibi, ta ɗauki gora ta uku ta ajiye a gaban Garzali.

"Malam Garzali, ka ce a ƙara maka. Ga shi, nawa ne, tun asuba nake kansa. In ba ka tsoron ciwon ciki, ka turo gobe." Ta juyo. "Malam Ilu, na gode. Ɗakin kuma zan share."

Ta shige ciki. Ilu ya bi labulen da kallo. Ya laluba kofinsa zai sulale, Baba Na'ibi ya riƙe masa gefen riga.

"Ina za ka, ɗana? Ka yi rantsuwa a gaban shaidu, ni kuma ka ce in riƙe. Mamuda, wa ya haɗa abin da ke cikin gorar nan?"

Mamuda ya naɗe hannun riga a hankali. Ya miƙo wasu tafuka kamar faranti, jajaye har gwiwar hannu, duk kanta da tsagar wuƙa, ya ɗora su a cinyar Ilu.

"Ga shi nan, ango. Sai dai ka yi haƙuri, taushin ya ɗan ragu."